Man Kaɗe da Farin Hannu

A gidanmu na Kurmin Kogi na koyi yin mai, a wurin Inna, tun ban isa ɗaukar tulu ba. Da damina ta kankama, matan rugar bayan gari za su kawo mana 'ya'yan kaɗanya, mu dafa, mu shanya, mu fasa, mu soya har ƙauri ya kori kaji daga tsakar gida. Bayan niƙa sai kwaɓi, kuma nan ne aikin yake. Mace za ta zauna da kwano tsakanin ƙafafunta tana bugun ƙullin da tafin hannu, tana yayyafa ruwa, har baƙin abin ya saki, fari ya taso sama kamar kumfa. Shi ake kwashewa a dafa ya zama mai.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da Auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce ni na goya ta. Tana ƙarama makero ya cinye mata rabin kai. Ni nake danne ta a cinyata in shafa mata man darbejiya tana kuka saboda warinsa, har gashin ya dawo ya fi nawa cika. Ba ta taɓa son kwaɓi ba. Takan ce yana ɓata mata lalle.

Da aka kai ni Hunkuyi, sai man ya zama sana'ata. Maigidana manomin rani ne, mutum ne marar yawan magana, bai hana ni ba. Ina yin na gashi da man kaɗe da na riɗi da ɗan kanumfari, ina yin na amosani da darbejiya, na jarirai kuwa tsuransa nake bari. Ina kitso kuma. Mata kan cika mini tsakar gida, wannan ta kwanta a cinyata ina bin tsaga da mai, waccan tana jiran layi tana ba mu labarin gari. Da wuya a kai amarya a unguwarmu ban taɓa kanta ba. Auta kuma ta auri wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Makarfi, ta samu babbar waya da gida mai siminti.

Farin ya fara fito mini ne tsakanin babban yatsa da manuniya. Na ɗauka ƙuna ce ta bakin tukunya. Bai yi ƙaiƙayi ba, bai yi zafi ba, sai dai ya ƙi tsayawa. Kafin kaka ya bi yatsuna duka, ya haura wuyan hannu, kamar na tsoma su a koko.

Maƙwabciyata ce ta fara gani da kyau. Ta kawo 'yarta kitso, na raba kan gida biyu, na gama ɓangare guda. Ina cikin na biyu na ɗaga kai na dubi uwar. Idonta na kan yatsuna a cikin baƙin gashin yarinyar.

"Tashi mu je," ta ce wa 'yar. "Na bar tukunya a wuta."

"Ki bar ta mana in ƙarasa, sai ta biyo ki."

"A'a, wani lokaci."

Washegari na ga yarinyar a bakin rijiyar burtsatse, an aske mata kai ƙwal. Gashin da nake raino tun tana rarrafe. Yara suna yi mata waƙa, ita kuma da ta hango ni sai ta ruga gida.

Cikin mako tsakar gidana ta zama fili. Wasu suka ce albaras ne, ƙanin kuturta. Wasu suka ce na yi rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya ne. Wata da na yi wa gyaran aure ta aiko yaro ya dawo mini da sauran manta, an ƙunshe gwangwanin a leda biyu. Maigida ya kai ni asibiti a Zariya. Likita ya juya hannun, ya taɓa shi da nasa hannun ba safa, ya ce launin fata ne kawai yake gudu, ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ko da a kwano ɗaya ake ci. Maigida ya faɗa wa mutane a ƙofar masallaci. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, matansu kuma ba su dawo ba.

Sai ga Auta wata ranar Talata. Ta zauna a can bakin tabarma, ta tattare hijabinta. Na dama mata fura.

"Ina azumi, Yaya."

Na ajiye kwanon a gefe. Na dai san ranakun da ake azumin nafila.

Ta ce ta zo da shawara. Ni in riƙa yin man, ita ta riƙa sayarwa ta waya, amma kada kowa ya ji daga inda yake fitowa. Ta buɗe jaka ta fito da fararen robobi, kowace da takarda a manne mai ɗauke da hotonta tana murmushi. Ta kuma ajiye mini safar hannu ta roba.

"Don tsafta kawai," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na yarda, don hannuna ya saba da aiki, zaman banza yana neman haukata ni. Safar kuwa ba a kwaɓi da ita. Fata ce ke jin lokacin da mai ya kusa saki. Na rataye ta a ƙusa, ina sa ta ne kawai in na ji sallamar Auta.

Kasuwa ta buɗe mata. Mai mota yakan tsaya a bakin titi, maigida ya kai masa kwali, ya wuce Makarfi. Wata rana ta zo da ƙanwar mijinta don su ɗauki bidiyo. Na wuni ina bugun ƙulli, kafaɗuna kamar za su cire. Daidai lokacin da farin ya fara tasowa, sai Auta ta naɗe hannun riga, ta zauna a kujerata, ta tsoma hannuwanta masu jan lalle.

"Yaya, ɗan shiga ɗaki. Ki ja labulen."

Daga bayan labule na ji tana gaya wa waya cewa wannan gadon gidansu ne, da hannunta take yi tun daga tsintar kaɗanya. Da suka gama ta wanke hannu har sau nawa da omo.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya maƙwabciyata ce ta kawo shi, ita dai wadda ta aske kan 'yarta. Ta shigo da fara'a irin wadda ban ga ta yi mini ba tun da farin ya fito, ta tsaya daga nesa ta ɗaga wayarta.

"Ji ƙanwarki a zauren waya na matan da ke sayen manta."

Wata ce ta fara magana, tana tambaya ko gaskiya ne mai man 'yar'uwar matar nan ce ta Hunkuyi mai albaras. Sai muryar Auta, a natse, har da 'yar dariya:

"Ciki ɗaya muka fito, ba zan ɓoye ba. Amma ko ƙofar ɗakin da nake haɗa kayana ba ta takawa. Ita sinadari take zuba wa nata, shi ya cinye mata hannu. Na yi mata faɗa har na gaji."

Maƙwabciya ta sake kunna mini, wai ko ban ji da kyau ba. Tana kallon fuskata kamar mai jiran a sauke tukunya.

Da safe na hau mota zuwa Makarfi. Na same ta tana jera robobi a falo, man da na gama shekaranjiya.

"Auta, ni ce nake zuba sinadari?"

Ba ta ko firgita ba. "Yaya, kasuwa ce fa. In ban faɗi haka ba wa zai saya?"

"Da kin ce ba ki san ni ba, da ya fi mini sauƙi."

"Ai sun san mu. Kuma ki duba, wa yake zuwa wurinki yanzu? Ni ce na rufa miki asiri." Ta miƙa hannu ta janye wata roba da ke kusa da gwiwata.

Daga nan ban koma gida ba, na wuce Kurmin Kogi, don Inna ce ta koya mini, ita ta san abin da ke cikin maina. Na same ta a inuwar rumbu, tsufa ya rage mata gani. Na zayyana mata komai. Ta daɗe tana jan carbi.

"Ke ce babba, ki yi haƙuri," ta ce. "Ita ce mai fuskar shiga mutane yanzu. Kada ki ɓata mata."

Na sunkuyar da kai, sai idona ya sauka a ƙafafunta. Diddigenta sun yi faso har da jini-jini. Na ciro ɗan gwangwanin da ba na rabo da shi, na lakato mai, na kai hannu. Inna ta janye ƙafafunta ƙarƙashin zane, a hankali, kamar mai gyara zama.

"Bar shi. Auta ta ce za ta zo."

Na tsaya da mai a yatsa. Matan gida suna kallo daga bakin murhu. Na shafe shi a gwiwar hannuna, na yi sallama. Daga baya na ji Auta ba ta je ba sai da sallah, kuma man kanti ta kai mata.

Na daina yi. Na kife kwanon kwaɓi, na gaya wa maigida kada ya sake kai kwali titi. Ba zan yi ƙarya ba, jira nake in ji kasuwarta ta rushe. Ina tsammanin mata za su shafa su ji bambanci, gashi ya fara karyewa, Auta ta dawo ta zauna a tsakiyar tabarmata ta sha furar da ta ƙi. Kullum na ji sallama sai in leƙa in ga ko ita ce.

Ba ta zo ba. Ta koma sayen man kasuwa a jarka, wanda ake cakuɗawa da man gyaɗa, tana zuba masa turare da ɗan kala. Babu wadda ta lura. Kasuwar ma ƙaruwa ta yi, don sun ce sabon ya fi ƙamshi, ya fi laushi, ba ya daskarewa da sanyi. Ta buɗe shago. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga wata rana ta nuna mini kan 'yarta, gashin ya tsiro.

"Kin gani? Man ƙanwarki ne. Hannu hannu ne."

Na daɗe ina tunanin wannan. Shekarun da na yi ina tace mai sau biyu, ina zubar da wanda ya ɗan ƙone, ina tashi da ciwon kafaɗa, ashe babu wanda yake ji a jikinsa. Farin ma bai ƙona ni kamar wannan ba.

Da Auta ta haifi 'ya mace, bayan maza uku, sai na kasa zama. Jaririya ba ta yi mini komai ba, kuma na san abin da ke cikin jarkar uwarta. Na aika ruga aka samo mini kaɗanya mai kyau, na tayar da kwanon, na yi tsuran mai, fari sol, ba turare ba komai. Na zuba a sabon gwangwani na tafi suna.

Gida ya cika. Uwar mijinta ta karɓi gwangwanin da bakin mayafinta, ta yi godiya, ta nuna mini wani ɗaki a ƙurya inda aka tara kwanuka. A lokacin farin ya riga ya zagaye mini baki da idanu. Mai hoto yana tsakar gida, ana kiran dangin uwa su fito. Na miƙe, sai Auta ta leƙo.

"Yaya, zauna abinki, kin sha hanya."

Can aka shigo da jaririyar ɗakin, don akwai tsofaffi biyu a ciki. Wadda ke damana ta karɓa ta yi addu'a. Na goge tafina a zane na shirya. Sai wadda ta kawo ta ta karɓe, ta zagaya ta bayana, ta miƙa wa ta hagu. Ƙafarta kawai na gani, ta leƙo daga tawul, tana ƙamshin turaren shago.

Abincina a leda aka ba ni, wai in tafi da shi.

A ƙofar gida na tarar da ƙanin mijinta a tsugune gaban babur ɗinsa. Gwangwanina ne a buɗe a ƙasa, yana lakata da tsinke yana shafa wa sarƙa. Ƙasa ta riga ta shiga ciki. Bai san ni ba.

"Sannu Hajiya," ya ce. "Yanzu aka ba ni a ciki. Kin ga kyan man nan kuwa?"

"Ka rufe shi in ka gama," na ce masa. "Rana tana narkar da shi."

Ya ce to, ya tambaye ni ko tasha zan je ya sauke ni. Na hau. Sarƙar ba ta yi ƙara ba har muka isa.

Yarinyar ta girma yanzu, ta fara zuwa Islamiyya. Ranar da muka haɗu a gidan rasuwar Inna, ta zo ta tsaya a gabana tana ƙare mini kallo, kanta a tsefe, gashin ja-ja, ya karye ta gaba. Na ciro alawa na miƙa mata. Ta ɓoye hannuwanta a baya.

"Umma ta ce in kin ba ni abu, in ce ki ajiye a ƙasa."

Na ajiye mata a kan tabarma. Ta ɗauka, ta ce ta gode, ta ruga wajen yara.