Mutumin da Ya Mayar da Kamiyon Dabaga La'asar

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana. Ban kira sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Malam nake ce masa, kuma tsofaffin Agadas da suka san tashar mota ta dā sun san wanda nake nufi.

A shekarun farko na mulkin kai, ina amarya, gwamnati ta ba gari kamiyo guda, wato babbar motar kaya, don ya riƙa zuwa Dabaga, ƙauyen masu garka, wato lambun rani, da ke arewa da mu. Kafin nan a kan jakuna albasa da tumatir suke zuwa, marar lafiya ma haka, kuma ba kowa ke isowa likita da ransa ba. Malam ma'aikaci ne a biro, ofishin gwamnati, shi aka ɗora wa kula da motar. Suka zauna da abokan aikinsa da manyan kasuwa suka yanke magana: kamiyo ya kwana Dabaga, ya taso da asuba, kaya su iske kasuwa da hantsi. Kowa ya yaba. Ba wanda ya lura cewa babu mutumin Dabaga ko ɗaya a zaman.

Kamiyo ya dinga dawowa wayam. Mutanen gari, da ba a raba su da saurin yanke hukunci, suka ce ƙauyawa ne ba sa son ci gaba. Komanda, shugaban mulkin yankin, ya aiko cewa in abin ya ci gaba haka zai mayar da motar wata hanya, kuma abin da gwamnati ta ɗauke ba ta cika dawo da shi ba. Malam ya daina cin abincin kirki. Ba aikinsa yake ji ba, marasa lafiyar da za su koma kan jaki ne suka tsaya masa a rai.

Sai ya hau kamiyon da kansa. Can ya ga abin da ba a gani daga biro. Da asuba duk mai ƙarfi a Dabaga yana bakin rijiya, sa ko raƙumi na jan guga, ruwa na bin shuka. In rana ta ɗaga ba a yi ban ruwa ba, shuka ta kwanta. Wa zai bar rijiya ya je lodin buhu? Wani dattijo ya ce masa, "Malam, muna ganin motarku, kyakkyawa ce. Mun ɗauka taku ce ku mutanen birni, tunda ba a ce mana komai ba."

Masu garka suka ce da la'asar suke so kamiyo ya taso. Manyan kasuwa suka ce atafau, kayan da za su iso da almuru, kasuwa ta tashi, ina za su kwana? Sanyin shekarar nan kaf Malam a hanya ya yi shi, yau Dabaga, gobe rumfunan kasuwa. Na gaji na ce, "Malam, wai ni ka aura ko kamiyo?" Ya yi murmushi ya ce, "Ki yi haƙuri, amarya. Kowa na jiran ɗan uwansa ya fara sassautawa."

Daga ƙarshe kowa ya sassauta. Masu garka suka yarda su gama ɗaurin kaya kafin la'asar. 'Yan kasuwa suka yarda su tako gefen gari da sassafe su ɗauki kaya. Mu kuma mazauna wajen unguwar Dagmanet, a gefen gari, lokacin gidajen ba su da yawa, aka ce mu buɗe zaurukanmu kaya su kwana tare da masu su. Zauren farko namu ne. Mutumin da ya bi Dabaga garka garka yana neman shawara, matarsa ce kawai bai tambaya ba. Na yi fushi sosai, tufafina suka shekara suna warin albasa. Amma ranar da kamiyo ya fara isowa cike, na ga an sauko da wata mata mai doguwar naƙuda daga tsakanin buhuna, an wuce da ita likita, ta rayu ita da ɗanta. Tun ranar ban sake ƙorafi ba.

Yau gari ya bazu har ba na gane bakinsa. Adaidaita da babura sun cika ko'ina, motocin garka ba sa ƙirguwa. Sai dai har yanzu ina jin an sauya wurin tsayawa ko an rufe hanya, mutanen ƙauye ba su sani ba sai sun iso da kaya. Da Malam na nan ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Na san zai ɗaga kai ya duba su wa ke zaune a ɗakin, su wa kuma babu.

Bai bar gini ba, ba kuma titin da ke ɗauke da sunansa. Kamiyon ma ya daɗe da zama tarkace. Amma da Malam ya rasu damina ce, ƙoramar da ke kan hanyar Dabaga ta cika, mota ba ta ƙetarawa, dattawan Dabaga suka zo gaisuwa a ƙafa, taɓo har gwiwa. Babbansu ya zauna daga bakin ƙofa ya ce mini, "Hajiya, masu kawo mana abu suna da yawa. Mijinki ne kaɗai ya zauna har muka gama magana."

Ina kewarsa har yau. Allah ya saurare shi kamar yadda ya saurari mutane, ya sa Aljanna ce makomarsa.