Ruwan Rijiyar da Ta Karya Ni

Rijiya ta rufta da ni a wani ƙauye bayan Roni. Ni nake haƙa ta. Aka ciro ni ƙafar hagu a karye. Ruwan da muka tarar kuma ba ya shawuwa, ga ɗumi ga ɗacin gishiri.

Ina kwance a gidan mai ɗori a Kazaure na ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe ana janyo tafasasshen ruwan gishiri daga can ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a fitar da ƙarafan da ake yin batirin waya da su. Ban yi boko ba, amma na san a dutse ƙarfe yake. Yaya zai zauna a ruwa ido bai gan shi ba? Abin ya tsaya mini a rai.

Da na fara dogara sanda na koma ƙauyen. Na tarar mai unguwa ya sa an tara ƙasa za a cike rijiyar, kada ta ci wani. Na ce, “Ranka ya daɗe, a bar mini ita zuwa kaka. So nake in san abin da ke ciki.” Ya dubi ƙafata, ya ce to.

Na ɗebo ruwan na yi ta dafawa a tsohuwar tukunyar matata har ya ƙone. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai dafa ruwa yana jiran ƙanzo ba. Ƙanzon kuwa ya fito, fari, da ja-ja a gefe. Na ciro maganaɗisu daga wata matacciyar rediyo na kara masa. Bai kama komai ba sai tsatsar tukunya. Na lasa. Kamar kanwa.

Ina shanya ƙanzon a faifai wani makiyayi ya biyo, saniyarsa ta kai baki ta lashe tas. Ya ɗanɗana na gindin tukunya, ya tambayi inda ruwan yake. Da ma makiyaya sayen kanwa suke yi su ba shanu. Kafin kaka dattawan ruga sun je wurin mai unguwa. Aka fasa cikewa, aka ɗaure rijiyar da siminti.

Ko akwai ƙarfen batir a ciki, har yau ban sani ba. Na ba masu haƙar burtsatse kwalba guda ta ruwan su kai a duba, ba su dawo ba. Ruwan namu ma ɗumi ne kawai, bai kai tafasa ba.

Yanzu ba na shiga rami. Ina nan bakin rijiyar ina ja wa shanu ruwa, sauran ƙanzon yana cikin gwangwani a ɗakina.