Garwashi a Sakaina

Ɗiyata mai karatun tarihi ta zo hutu tana ba ni labarin ƙauyukan Japan. Wai a da can gidajensu a warwatse suke, kowa a bakin gonarsa, daga baya suka dunƙule wuri guda. Ta ce malamai na ta gardama kan dalili, wasu su ce yaƙi ne, wasu su ce rabon ruwan shinkafa. Na ce, "Ku dai ƙara bincike, ƙila wutar wani ce ta mutu."

Mu ma haka muke a wajen Taba, farkon aurena: gida nan, gida can, gonar dawa a tsakani. Da hanyar mota ta biyo, maƙwabta suka riƙa tashi suna komawa bakinta, har muka rage mu kaɗai. Maigidana ya ce shi inda aka binne cibiyarsa nan zai zauna. Ni kuwa ga tsohon ciki, in naƙuda ta taso ba macen da za ta ji kirana. Na faɗa masa, ya ce Allah na nan.

Wata safiya da damina ruwa ya shiga madafa, wuta ta mutu, ashana ta jiƙe. A da sai in leƙa maƙwabta in ɗebo garwashi. Na miƙa wa maigidana sakaina, na ce, "Malam, ka ga ba na iya doguwar tafiya."

Ya tafi sabuwar unguwa. Matan can suka yi masa caa: "Malam, yau kai ne da girki? A ƙara maka daddawa?" Kafin ya dawo yayyafi ya mayar da garwashin gawayi. Ya koma, ya dawo da gudu yana hurawa, garwashin ya sake mutuwa a ƙofar gida. A ranar, da ɗanyar gyaɗa muka karya kumallo.

Ya zauna yana haki, ya dubi gawayin, ya dubi cikina. Can ya ce, "Ni mai ƙafa ma ke nan. Ina ga tsohuwar ungozoma?"

Wata bai ƙare ba muka tare a ɗakin da yayansa ya ba mu a sabuwar unguwar, a can na haifi wannan mai tarihin. Har yau in an tambaye shi, cewa yake sallar jam'i ce ta tashe shi. Ba na musa masa.

Tsohon gidan ya zama kufai, masara muke shukawa a wurin. Na ce wa yarinyar in malamanta sun zo tono, sakainar na gindin kuka, inda ubanta ya yi jifa da ita.