Wanga Yaƙi Ba Namu Na Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Maris, 1965, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Attahiru Boɗinga a gidan kawunsa, bayan jinyar wata biyu da ciwon shawara. Shekararsa ashirin da biyar. Labarin ya iske ni a aji, a firamaren da nake koyarwa a Shagari. Wani mai keke ya tsaya bakin taga ya ce, "Malam Sodangi, sai haƙuri, abokinka ya cika." Na ajiye alli na hau kekena, amma kafin in isa Boɗinga sai na gamu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta. Ko ƙasa ban samu zuba maka ba, Attahiru.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga, domin abin da zan faɗa ka hana ni faɗarsa. Ka yi haƙuri da ni. Tun kana raye ka san ni da taurin kai.

Na fara saninka a bayan motar gyaɗa, shekara bakwai da suka wuce, ranar da muka tashi daga Sakkwato za mu kwalejin horon malamai a Lardin Zazzau. Ban taɓa shiga mota ba sai ran nan. Kafin mu kai Talata Mafara na amayar da duk furar da aka ɗura mini a gida, rabinta a kan takalminka sabo. Ka tashi daga gefen da iska ke busowa ka zaunar da ni, kai kuma ka tsaya riƙe da ƙarfe har Gusau. Da muka sauka ka dubi takalmin ka ce, "To, ya sha hurar Shagari, ya zama ɗan gari." Daga ran nan ban sake neman wani aboki ba.

A duk kwalejin mu biyu ne kaɗai daga Lardin Sakkwato, kuma bakinmu ya sha tsiya. Da mun ce "munka zo" sai aji ya ɗauki dariya. Har suna aka sa mana, Wanga da Wagga, wai kai ne Wanga ni ce matarka. Ni nakan yi fushi in nemi dambe. Kai kuwa sai ka ƙara murɗa harshe da gangan har mai tsokanar ya gaji. Amma mutumin da ya yi maka dariya da safe, shi za a gani da la'asar zaune kusa da kai kana fitar masa da lissafi. Wanda zazzaɓi ya kwantar, kai ke karɓo masa abinci. Ka koyi buga tafireta a laburare don kawai tsohon akawun wurin idonsa ya yi rauni, kana jin tausayinsa.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, maganar yaƙi. Kana shekara uku aka ɗebi mahaifinka soja aka kai shi ƙasar Bama a yaƙin duniya, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, sai wata takarda da mai gari ya karanta wa mahaifiyarka, Inna, a ƙofar gida. Ka taɓa ce mini Inna har yau ba ta san gabas Bama take ko yamma ba, ta dai san ta cinye mata miji.

Shi ya sa, 'yan makonni bayan an sauke tutar Ingila a 1960, da labari ya bazu cewa akwai yarjejeniyar tsaro tsakaninmu da Turawan da suka tafi, hankalinka ya tashi. Ɗalibai a ko'ina suna cewa in aka bar ta, ranar da Ingila ta ɗebo rigima da wata ƙasa, 'ya'yanmu za a sake ɗiba. Mun ji na Kudu sun yi zanga-zanga. Mu ma muka taru mu goma sha biyu a gindin tsamiyar bayan ɗakin cin abinci, bayan sallar la'asar. Shugabanmu Haliru ne, babban ɗalibin kwalejin, mutumin Kano, mai baki kamar zuma. Shi ya kawo shawarar a buga takarda ba suna a watsa. Shi ne kuma ya kawo shawarar rantsuwa: in aka kira ɗaya daga cikinmu, duk mu miƙe tsaye, mu ga ko za a kori mutum goma sha biyu rana ɗaya. Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya rantse da abin da ya riƙe.

Haliru ya rubuta takardar da hannunsa, da Hausar littafi tsaf, kanta yana cewa wannan yaƙi ba namu ba ne. Aka ba ka ka buga, tunda kai ke da hanyar tafireta. Ka buga lokacin da kowa ke filin ƙwallo, kana sauri, kunnenka na bakin ƙofa. Jikin takardar ka bi shi kalma da kalma. Kan kuwa ka riga ka haddace shi, ba ka duba ba, sai zuciyarka ta buga shi da harshen da Inna ta yi maka reno: WANGA YAƘI BA NAMU NA BA. Ka miƙo mini in duba kuskure. Na karanta sau biyu na ce babu. Ta ina zan gani? Idona ya wuce ta kai kamar yadda mutum ke wuce ƙofar gidansu bai lura da ita ba. Muka gurza kwafi ɗari biyu, washegari kowane teburi da tasa.

Kwana biyu tsakani aka kira ni da kai ofishin shugaban kwaleji. Baturen ya ɗora yatsa a kan kalmar "wanga", ya ce wannan Hausar Sakkwato ce, kuma Sakkwatawa biyu yake da su. Kafin in buɗe baki ka riga ni.

"Ni na," ka ce. "Ni nib buga ta. Wanga bai san komi ba."

Ya tambaye ka su wa ke bayanka, ka ce Allah. Aka sallame ni, aka riƙe ka.

Ranar Litinin aka tara kwalejin gaba ɗaya aka kira sunanka. Ka fito gaba ka tsaya, ka juyo kana dubanmu, fuskarka ba tsoro ko kaɗan, don ka san abin da aka rantse a kai. Na waiwaya ina neman Haliru. Yana zaune a layin gaba, ya ƙura wa takalminsa ido. Sauran tara ma kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni na miƙe. Wallahi na miƙe. Baturen ya ce, "Zauna, mun gama da kai." Sai na zauna. Wannan zaman shi ne abin kunya mafi girma a rayuwata, kuma ban taɓa ɓoye maka shi ba. Aka karanta takardar korarka, aka ce ka tayar da fitina kai kaɗai. Saura wata bakwai ka ɗauki jarrabawar fita.

Ka dawo Boɗinga da akwatinka na kwano. Gari ya ɗauka: ɗan Inna an koro shi. Wasu suka ce sata ka yi, wasu suka ce boko ta taɓa maka kai. Inna, wadda aka yi wa alkawarin ɗanta zai dawo malami, ta kwana uku ba ta leƙa waje ba. Ba ka tsaya yi wa kowa bayani ba. Ka karɓi gonar kawunka ta fadama wajen Dingyaɗi ka shiga noman albasa. Da safe kana ban ruwa, da azahar kana taya kawun naka biya wa yara allo, da la'asar kana zaune da manyan mutane a rumfar kasuwa kana koya musu baƙi da wasali. Kakan ce yaƙi da jahilci shi ne kaɗai yaƙin da ka yarda a rubuta sunanka a ciki. Tsofaffin sojan Bama na yankin nan, tun daga Lambara har Kajiji, kai ne mai rubuta musu wasiƙa. Akwai ɗaya da ya rasa ƙafa, wanda kowace Jumma'a kake goya shi a keke zuwa masallaci. Ranar jana'izarka an ce da rarrafe ya fito bakin hanya.

Farkon 1962 aka soke yarjejeniyar. Na zo maka da labarin a guje, na iske ka cikin laka har gwiwa. Ka ce alhamdu lillahi, ka ci gaba da buɗe wa kwamin albasa ruwa. Haliru kuwa tauraronsa ya haska. Ya fita da sakamako mai kyau, ya sami kujera a wata ma'aikata a Kaduna, kuma duk taron da ya shiga sai ya ba da labarin yadda ya jagoranci ɗalibai suka ƙi yaƙi. Abu ɗaya ka nema a wurinsa: ya sa hannu a takarda cewa ba kai kaɗai ba ne, shawarar ƙungiya ce, don a bar ka ka ɗauki jarrabawa daga waje. Ka rubuta masa sau uku. Ta ukun ni na kai da hannuna. Ya rungume ni, ya sa aka yanka mini kaza, ya ce ana dubawa. Na ci kazar nan har ƙashi, na dawo ina ce maka Haliru mutumin kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa. Ka yi murmushi kawai.

Mako uku kafin rasuwarka na zo duba ka. Idonka ya yi rawaya, muryarka ta shige ciki. Na sake kawo zancen Haliru, na ce zan koma Kaduna in hutu ya zo. Sai ka riƙe hannuna.

"Sodangi, bari wahal da kanka. Kana tsammanin Bature ya san bambancin wanga da wannan? Hausar jarrabawa gare shi."

Na ce to wa ya nuna masa?

"Haliru anka kira shi hwassara takardar. Yag gama, ba a tambaye shi komi ba, yac ce, ranka shi daɗe, wagga ba Hausarmu ta ba, ta Sakkwato ta. Tsohon akawu na nan tsaye, shi yah hwaɗa min ranar da nit taho."

Shekara huɗu da wani abu ka riƙe wannan a cikinka. Ka bar ni ina gaishe shi, ina kwana gidansa, ina yabonsa a gabanka. Na tashi tsaye ina huci, ka ce in zauna. Ka ce tsoro ne ya kama shi, yaro ne a lokacin, kai ka yafe. Ka ce kada in gaya wa Inna, kada in gaya wa kowa. Na fita daga ɗakin nan ban yi maka alkawari ba, kuma ka lura ban yi ba.

Da na yi shiru, Attahiru, don girman maganarka. Amma ranar sadakar bakwai aka kawo takardar wayar tangaraho daga Kaduna, da Turanci. Aka miƙo mini in fassara wa Inna a ƙofar ɗakinta. Haliru ne. Wai ya yi rashin ɗan'uwa, jarumin da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ranar wuya. Na fassara kalma da kalma, ban ƙara komai ba, ba kamar yadda shi ya yi ba ranar da aka ba shi fassara. Inna ta share hawaye ta ce, "Wa na wanga ɗan albarka da bai mance da ɗana ba?" Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, mata suna amin. Ni kuma ina durƙushe da takarda a hannu, na sake yin shiru a karo na biyu.

Ba zan yi na uku ba. Inna, na san za a karanta miki wannan. Ɗanki bai yi sata ba, bai haukace ba, bai tayar da fitina ba. Ya ƙi ne a ɗebi ɗan wata kamar yadda aka ɗebi mijinki. Mu goma sha biyu muka ƙulla abin, shi kaɗai ya ɗauka. Wanda kika sa wa albarka ranar nan, shi ya nuna shi. Albarkar taki ce, ke kika san yadda za ki yi da ita, amma ba zan bari ki bayar da ita cikin duhu ba. Haliru kuwa, in wannan ta iske ka, kada ka aiko da amsa. Takardar da aka roƙe ka ka sa wa hannu, mai ita ba ya bukatarta yanzu.

Attahiru, kai ka yafe. Ni ban kai can ba, ina roƙon Allah ya kai ni. Na saɓa maka a wannan, ka yafe mini kamar yadda ka saba.

Ya Allah, ga bawanka Attahiru ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba shi ladar kowane baƙi da ya koyar da kowace wasiƙa da ya rubuta wa wanda bai iya rubutu ba. Ka haɗa shi da mahaifinsa, wanda bai san fuskarsa ba, a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah ya ba ta haƙurin wannan rashi na biyu. Ga matarsa Zulaihatu, da 'yarsa Khadijatu da ba a yaye ba, Allah ya raya ta ya sa ta gaji halin ubanta. Ga kawunsa da almajiransa manya da ƙanana, da tsofaffin sojan da suka rasa marubuci, da mutanen Boɗinga da Dingyaɗi baki ɗaya, Allah ya mayar da alheri.

Mu goma sha ɗaya da muka rage kuwa, ina roƙon jama'a kada wanda ya yi mana ta'aziyya. Ba mu cancanta ba.

Aliyu Sodangi Shagari