Ni Ce Mai Faɗin Labarinka, Mahmuda

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, 3 ga watan Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Mahmuda Ibrahim a Dogonduci, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Shi ne shugaban aikinmu na lura da damina, inda muke ba da labarin ruwan sama, da halin da hatsi yake ciki, da tafiyar bisashe a ƙasar Arewa. Ni Sadiya ce, wakiliyar aikin a Kiyeshe.

Malam Mahmuda, yau da kai zan yi magana, don na saba.

Lokacin da ƙungiyar da ta ɗauke mu ta ba ka wannan furoje, wato aikin nan, abin da ta damƙa maka shi ne lambobin waya na mutanen da ba su san juna ba. Wani yana Tibiri, wani yana Lugu, wani yana bayan shanu a dajin Dogon Kiriya. Babu biro, wato ofis, da zai tara mu, babu motar da za ta kai ka wurinmu. Da wani ne, da sai ya ce kowa ya turo rahotonsa, ya haɗa, ya aika gaba, ya huta. Kai kuwa ka zo mana da wata doka da ta ba ni haushi tun ranar farko. Ka ce a taron wayarmu na kowace Alhamis, ba wanda zai faɗi labarin garinsa da bakinsa. Kowa ka ba shi abokin murya. Sai mutum ya kira abokinsa, su gaisa, ya ji nasa, ranar taro kowa shi ne bakin ɗan'uwansa.

Ban ɓoye maka ba, na ce wannan ɓata lokaci ne. Mus'ab, matashin ɗan kasuwar nan wakilinmu na Tibiri, ya fi ni zafi. Ya ce ina dalili mutum yana da baki lafiyayye a ce wani ya ara masa. Ka bar mu muka gama, sannan ka ce:

"Rahoto ko inji na iya turo shi. Ni so nike in ɗayanku ya yi magana, sauran su yarda."

Don kada a ce ka ɗora mana abin da ba ka ɗauka ba, ka sa kanka cikin rabon. Ni ka faɗo wa. Haka na zama mai faɗin labarinka. Duk mako ina kiranka, sau da yawa uwargidanka Ajuma ce take fara ɗauka, mu sha hira kafin ta miƙa maka. Ranar Alhamis in ce wa jama'a, Malam Mahmuda ya ce an yi yayyafi a Duci, ƙafarsa ta yi sauƙi, akuyarsa ta haifi biyu. Kai ka nace a riƙa sa irin waɗannan a ciki. Muna ta yi maka dariya, ashe kai ka san abin da kake ginawa.

Haɗin da ya fi ba mu tsoro shi ne na Sambo da Ɗanmalam. Sambo makiyayi ne, Ɗanmalam manomin Lugu ne da shanu suka taɓa cinye masa gona sukutum. A makonnin farko, in Ɗanmalam zai faɗi labarin Sambo sai ya ce "wai". Wai an yi ruwa, wai ciyawa ta fito. Ba ka tsawata masa ba. Sai dai duk sanda ya ce "wai", ka tambaye shi ko ya tambayi lafiyar mahaifiyar Sambo, ko ya san sunan ɗiyansa. A hankali "wai" ta faɗi, ba wanda ya lura da ranar da ta faɗi. Sai ga mu muna jin Ɗanmalam yana cewa saniyar Sambo ta warke, kamar tasa ce.

Ranar da aikinka ya nuna kansa ita ce a kakar 2023. Ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, ciyawa ta ƙare, garken su Sambo ya fara gangarowa alhali hatsin Lugu yana tsaye a gona ba a yanke ba. Samarin gari suka fara gyaran sanduna. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san inda irin wannan take ƙarewa, mun ga gawarwaki a kan abin da bai kai haka ba. Na kira ka hankalina a tashe, na ce ka nemi mota ka tafi da kanka. Ka ce a'a. Ka ce in ka je, baƙo ne ya zo daga birni, za a saurare ka don kunya, kana juya baya a koma inda aka tsaya. Maganar ta Sambo da Ɗanmalam ce. Wallahi na ji haushinka ranar, na kashe waya ko sallama ban yi ba.

Sambo ya je wurin manyan rugarsu ya ce a tsayar da shanu a bakin tabkin da ke kusa da Lugu, manoma za su saki gonaki da zarar an kwashe damman hatsi. Suka tambaye shi wa ya ba shi wannan alkawari, ya ce abokinsa. Ɗanmalam kuma ya tsaya gaban maigari da dattawa ya ce shanu ba za su ƙetare tabki ba. Wani dattijo ya tambaye shi ko ya san Bafillacen nan da yake rantsuwa a kansa. Ɗanmalam ya ce:

"Ban taɓa ganin huskatai ba. Amma duk mako ni ka hwaɗin maganatai, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. In saniya guda ta shiga, ku fara da gonata."

Shanu suka tsaya, suna ramewa, Sambo yana shan magana daga danginsa. Mutanen Lugu suka yi gayya suka kwashe hatsi da gaggawa, aka saki gonaki, shanu suka shiga suka ci kara. Ko digon jini bai zuba ba. Da Alhamis ta zo, mun zaci za ka yi dogon jawabi. Abin da ka ba ni in faɗa a madadinka shi ne ka gode wa Allah, kuma akuyar nan ta sake shiga gonar maƙwabci. Ina alfahari da na yi aiki ƙarƙashin mutumin da ya hana fitina daga nesa, bai nemi a ambaci sunansa ba.

Kullum kana cewa wata rana za ka tara mu mu ci tuwo kwano ɗaya. Ka tara mu, Malam, amma a zaman makokinka. Ina zaune cikin mata a zauren ciki na hango wani dogon mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Kafin a amsa, wani daga kan tabarma ya miƙe ya ce, "Sambo, kai ne?" Ɗanmalam ne, muryar ya gane. Suka riƙe hannun juna suna kuka, mutane suna kallo ba su san dalili ba. Ni na sani, Ajuma ma ta sani.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa zaman lafiyar da ka shuka tsakanin bayinSa ya zama hujja gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ajuma, da ɗiyanka Abdul'aziz da Zalihatu, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Alhamis ɗin da ta wuce mun yi taro, ba mu fasa ba. Kowa ya faɗi labarin abokinsa. Da aka zo kaina, ba ni da wanda na kira a wannan mako. Na ce musu Malam Mahmuda ya riga mu gidan gaskiya, ya bar aikinsa a hannun mutanen da suka yarda da juna. Wannan karon ba kai ka ba ni saƙon ba, amma ba wanda ya ce "wai".