Gahawar da Ta San Ubanta

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Mamuda kofin gahawa a Garuwa ya san ba ya karɓa kai tsaye. Sai ya matso da hanci ya shaƙa, sannan ya tambaya: "'Yar gidan wa ce?" In ba ka san gonar da ta fito ba, ya ce maka "Usoko, na gode," ya mayar da hannunsa cikin riga. Allah Ya jiƙansa. Yayan mahaifiyata ne, a shagonsa na atamfa na yi wayo.

Tasa gahawar daga gona ɗaya tak take zuwa, ta amininsa Nji Isa, can duwatsun Fumban. Shi ke soya ta a kasko, shi ke daka ta. Ya sa ni na rubuta wa gwangwaninta da ajami: "Ta Nji Isa ce, ba gami." Na ce, "Kawu, yaran gidan nan ai boko suka yi, wa zai karanta?"

Ya ce, "Wa ya ce don su na sa? Don ita ce, kada ta manta."

Tsimi kuwa, sai dai a yi shiru! Garin gahawa ɗaya sau uku yake dafa shi: dahuwar farko tasa, ta biyu ta abokai, ta uku ta surukai. Wata Sallah na makara ban je gaishe shi ba sai bayan la'asar. Ya zuba mini wani ruwa mai kalar kogin Binuwai da damina. Na kurɓa na ce, "Kawu, yau ta uku na samu?"

"Ta huɗu ce, Sale. Dominka na ƙirƙiro ta."

Da hawan jini ya kama shi, ni na raka shi asibiti. Likita ya ce ya bar shan kafe, wato gahawa. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wacce? Ta gona ɗaya ko ta gauraye?"

"Alhaji, ai duk ɗaya ne."

Kawu ya laluɓi takalmansa. "Tashi mu tafi, Sale. Mutumin da ya ce duk ɗaya ne, shi zan ba zuciyata ya duba?"

To, ana haka sai jikansa Nasiru ya dawo daga Duwala da wani injin dafa gahawa, wai esfireso, mai huci kamar tsohuwar mota, ya buɗe shago kusa da kasuwa. Gauraye yake sayarwa, wai melanji. Ya zo har zaure yana yi wa kakansa bayani: "Tsoho, ta gona ɗaya tana da daɗinta, amma bana tsami, baɗi zaƙi, yadda damina ta so. Ni kuwa ina haɗa ta dutse mai ƙamshi da ta kurmi mai ƙarfi, ta yi kumfa a sama, kullum ɗanɗano ɗaya."

"Kullum ɗanɗano ɗaya? Ruwan famfo ma haka yake!"

Muka yi dariya, amma abin bai tsaya a dariya ba. Kawu ya ƙi taka shagon, dattawan kasuwa kuma suka ce abin da Alhaji Mamuda bai sha ba, ba su ga dalilin sha ba. Kujeru suka yi ta shan ƙura. Nasiru ya fara maganar sayar da injin ya koma Duwala. Kakarsa, Hajiya Dudu, matar Kawu, ta daina cin abinci sosai, don ba ta son yaron ya sake yin nisa.

Wata Juma'a muna cin tuwo a tsakar gida, sai ta ce, "Alhaji, ni kam in tambaye ka. Babanka ɗan ina ne?"

"Bakano ne, wa bai sani ba?"

"Innarka fa?"

"Bafulatanar Mindif."

"Kakarka ta wajen uba?"

Kawu ya daɗe yana kallon miya. "Babarbariya."

"To, tun ina yarinya nake zaune da melanji, ban taɓa turo baki ba!"

La'ilaha illallahu! Na sunkuyar da kai, don ni ma cikin buhun nake. Kawu ya wanke hannu ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi ya hau bayan ɗan moto mai haya da babur, ya sauka a ƙofar shagon, ya ja kujera ya zauna inda duk kasuwa za ta gan shi.

"Kai, ja'iri, zubo mini 'yar'uwar nan tawa."

Nasiru ya kawo ɗan kofin. Kawu ya yi bisimilla ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Yaya, Tsoho?"

"Bakanon cikinta ya cika surutu. Amma Bafulatanar ta iya zama da shi. Ƙaro."

Kafin azahar dattawa sun cika kujerun. Kawu bai taɓa yarda cewa ta Nasiru ta fi tasa ba, ko kusa, amma bai ƙara fashin zuwa ba har ciwo ya kwantar da shi. Nasiru yana nan Garuwa, ya yi aure, ɗansa na fari sunan Kawu ya ci.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mamuda, Ka sanyaya masa makwanci. Ka shayar da shi ruwan Alkausara, Ka tara shi da iyayensa, na Kano da na Mindif da na Barno, a inuwa ɗaya. Amin.