Zomon Alhaji da Sunan da Aka Liƙa Mini

Ko zan manta komai a aikin nan, ba zan manta da Alhamis ɗin da aka kira ni ɓarawo a kan abincin zomo ba. Na rubuta wannan ne saboda ku sababbin shiga aikin kiwo a gidajen masu hali. Na ga kuna dariya in an kira ni Haruna Felet, ba ku san inda sunan ya fito ba.

Ni ba likita ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Amma na yi shekaru ina lebura a asibitin dabbobi. Ni ke kama dabba likita ya yi allura, ni ke wanke miki. Lebura ba ya rubuta magani, sai dai hannunsa ya fi na mai rubutawar taɓa dabba. Da aka rage ma'aikata na koma gidan wani Alhaji a nan Gumel, mai turkar raguna yana kai su kasuwar Maigatari. Aikina raguna da tantabaru, sai wani farin zomo da 'yarsa ta sayo a Kano ta bar masa. Alhaji ya ɗauki son duniya ya ɗora wa zomon nan. Ciyaman ake ce masa, don ba ya komai sai zama da ci.

Ga wanda bai sani ba, felet shi ne abincin buhu da ake murzawa ƙanana kamar gutsuren taliya. Iri biyu ne a wajen zomo. Akwai na zomon nama, mai maiƙo, an yi shi don dabba ta cika da wuri a yanka. Akwai na zomon zama, wanda ciyawa ta fi yawa a cikinsa, shi ma kaɗan ake bayarwa. Ainihin abincin zomo busasshiyar ciyawa ce da ɗan ganye da ruwa.

Alhaji bai san wannan ba, turka ya sani. Na nama ake sayowa, a cika kwano, a ƙara dusa da ƙuli-ƙuli, ga gyaɗa kullum a aljihunsa. In ya yi baƙo sai ya sa a kawo Ciyaman ya ce, “Ɗaga ka ji.” Baƙo ya ɗaga ya ce tubarkalla, Alhaji ya yi ta murmushi kamar shi ya haife shi.

Ranar da na fara shafa bayansa ban ji haƙarƙari ba, kitse ne kawai. Wuyansa ya yi ninki, tafin ƙafarsa ya fara saɓulewa. Da na juya shi na ga gindinsa duk kashi ya manne. Zomo yana da wani kashi mai laushi da yake lanƙwasawa ya cinye, haka Allah ya yi shi. In ya yi ƙiba bakinsa ba ya kaiwa, sai abin ya liƙe a gashi, ƙuda ya samu wurin ƙwai.

Na sami Alhaji a zaure na ce, “Ranka ya daɗe, zomon nan ƙiba za ta kashe shi.”

Ya yi dariya. “Haruna, tun da nake ban taɓa ganin dabbar da ƙoshi ya kashe ba.”

“Ragon turka yana da ranar yanka, Alhaji. Shi wannan yaushe za a yanka shi?”

“A yanka Ciyaman? Kai za a fara yankawa.” Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga yana cewa, “Je ka yi yadda ka gani.”

Nan na yi wauta. Na ɗauki maganar mutumin da hankalinsa ke kan waya na mayar da ita izini, kuma babu shaida.

Na ce wa Lawan manajan gidan, ƙanin matar Alhaji, a sayo felet ɗin zomon zama daga Kano. Ya ce buhu dai buhu ne, kada in koya musu boko. Sai na yi da abin da ke akwai. Ba a yanke wa zomo abinci lokaci ɗaya, cikinsa tsayawa yake. Kaɗan-kaɗan na riƙa ragewa har muka dawo rabin ƙaramin gwangwanin tumatur a rana. Na daina dusa da ƙuli-ƙuli, na sa wani Bafulatani daga wajen Gagarawa yana kawo mini ciyawa mai kyau. Da sanyin safiya in sake shi a tsakar gida. Felet ɗin da ke raguwa ina zubawa a duro cikin sito, in rufe saboda ɓera. Bayan wata biyu Ciyaman ya fara tsalle, gindinsa fes, in ka shafa ka ji ƙashi ƙarƙashin nama.

Sai Alhamis ɗin. Alhaji ya dawo daga kasuwa da baƙinsa na Damagaram, ya ce a kawo Ciyaman. Babbansu ya ɗaga, ya jijjiga hannu, ya ce, “Alhaji, ai wannan ya zube. Ba shi na ɗaga bara ba?”

Fuskar Alhaji ta canza. Kafin in buɗe baki Lawan ya ce, “Yaya, dama ina so in nuna maka wani abu.” Ya ja su har sito ya buɗe duron. “Ga abincin nan. Tarawa yake ya sayar wa masu kiwon kifi.”

Na ce, “Lawan, ɓarawo yana ajiye kayan sata a siton mai kaya, kuma makulli a hannunka?”

Alhaji ya ce, “Rufe mini baki. Dabbar da ba ta magana ka zalunta. Ɓarawon abincin zomo, ka fi kowane ɓarawo ƙasƙanci.”

Na tuna masa maganarmu ta zaure, ya ce shi bai san an yi ba. A gaban baƙi na ajiye tsintsiya na fita. Kafin Juma'a ta zagayo, 'yan adaidaita na bakin tasha sun san Haruna Felet. Gida biyu na nemi aiki, duk suka ce za su neme ni.

Duron nan da na tara, shi suka juye wa zomon, wai a mayar masa da haƙƙinsa.

Farkon damina Lawan ya zo ƙofata a kan babur, ko sallamar kirki babu, wai Alhaji na kira. Na so in ƙi, na tuna zomon bai yi mini komai ba. Wari na fara ji tun daga ƙofar keji. Ciyaman yana kwance kamar matashin kai, gindinsa tsutsa na motsi. Na aske gashin da almakashi, na wanke, na tsince su ɗaya-ɗaya, na ce a kira likita yanzu. Likitan ya zo, sa'an ƙanena, ya duba ya ce ƙiba ce, abincin nama aka ba zomon zama. Alhaji yana ta gyaɗa kai, “Haka ne, likita. Gaskiya ne, likita.” Maganata ce sak, bambancin kawai farar riga.

Washegari da azahar Ciyaman ya mutu. Alhaji ya ce mini, “Kwanansa ne ya ƙare. Ka dawo bakin aikinka.”

Na ce, “A gaban mutane aka kira ni ɓarawo, Alhaji. A gaban mutane za a janye.”

Ya ce, “Kai ma ka cika riƙo, Haruna.”

Ban koma ba. Yanzu ina tsaron shagon abincin dabbobi, duk wanda ya zo neman na zomo sai na tambaye shi, yanka za ka yi ko zama za ku yi? In ya ji haushi ya je gaba.

Ku kuma ku ji. A garin nan dabba mai ƙiba ita ce shaidar amanar mai kiwo, ko da mutuwa take yi. Kada ka rage ko ƙwaya ɗaya sai ka kama hannun maigida ka ɗora a bayan dabbarsa, ya nemi haƙarƙari ya rasa, ya faɗa da bakinsa a gaban mutum biyu. Ni na san zomo, masu zomo ne ban sani ba. Shi Ciyaman an binne shi a bayan garke an manta. Ni ko jiya da na wuce tasha sai da wani ya kira sunan.